Bakin Gawar Sarki

Shafi na 19

To, ku matso. Tun jiya kuka hana ni tauna ganyena mai kashe gajiya cikin kwanciyar rai. Wannan ya ce Baba ci gaba, wancan ya ce Baba ƙarya kake shara mana. Mai cewa ƙarya nake ya je ya nemo wani da ya ga abin da idonsa. Ba zai samu ba. Duk sun mutu, ni kaɗai na rage, da haƙora biyu, kuma da su nake gatsar masara har gobe.

Ni ne Ukumari, ɗan makiyayin lama, dabbobin tudunmu masu dogon wuya da gashi kamar na tumaki. Ban taɓa leƙa gidan koyo na 'ya'yan manya ba, amma sarakuna sun durƙusa suna jiran in buɗe baki.

Ga inda muka tsaya, saboda waɗanda suka zo a makare.

Sarki Kallpa ya mutu. Muka busar da shi, muka zaunar da shi a gidansa kamar yadda ake yi wa kowane sarki. Gonakinsa nasa ne har abada, garkensa nasa, mu mutanen gidansa nasa. Wanda ya gaje shi ba ya taɓa ko ƙwayar masara a ciki. Ni ne Bakinsa. In kai kunne, ya faɗa mini, ni kuma in faɗa wa duniya.

'Ya'yansa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, suka yi yaƙi a kan jan tuntun da sarki ke ɗaurawa a goshi. Waman, ƙaramin, shi ya ci. Sonko, babban, aka shigo da shi birni a ɗaure, shi da 'ya'yansa uku.

Washegari da safe muna shirya maigidan, ni da Gwaggo Tika, ƙanwarsa, wadda ke riƙe da gidan. Ita tana gyara masa mayafi, ni ina kore masa ƙuda.

"Yau fuskarsa a ɗaure take," ta ce.

"Tun yana da rai haka take, ranki ya daɗe."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Ya ce maka wani abu?"

"Bai ce ba."

"Tun jiya?"

"Tun lokacin da aka shigo da Sonko."

Ta tsaya da mayafin a hannu, ta dube ni.

Ku gane wani abu kafin mu yi nisa. Muryar Kallpa ina jin ta kamar yadda kuke jin tawa. Can bayan kunnen hagu take zuwa, da ɗan gyaran murya a gaba, irin wanda yake yi in zai yi faɗa. Kuma Baki ba ya haɗiye magana. Ran da aka naɗa ni na rantse a gaban Rana cewa abin da na ji shi zan faɗa, a gaban ko wane ne. Mutumin da ke Bakin kakan Kallpa ya taɓa haɗiye guda ɗaya tak. Harshensa ya kumbura ya cika masa baki, ya mutu yana kallonmu. Ina wurin.

A bangon da ke bayan maigidan akwai baƙar igiya ta gashin lama a rataye. Da ita na kai masa waɗanda ya nema bayan ya tafi: mai dafa masa abinci, mai busa masa sarewa, da mata biyu masu saƙa. Shi ya kira sunayensu ta bakina, ni na ja. Aikin Baki ne. Kuma ku tambayi kowa, hannuna na da sauri, ban taɓa wahalar da mutum ba.

Sai muka ji taku a zaure.

Takun takalmi.

Gwaggo ta ɗago kai. Ba a shiga gaban sarki, mai rai ko matacce, sai an tuɓe takalmi an ɗora ɗan ƙunshin kaya a baya. Ko sarki mai ci haka yake shigowa wurin ubansa.

Waman ya shigo da takalminsa, bayansa fayau, jan tuntu na lilo a goshi. Shi kaɗai, ya bar dakarunsa a ƙofa.

Na zube. "Ranka ya daɗe, Ɗan Rana."

Gwaggo ko motsi ba ta yi ba.

"Waman, ƙafarka ce ke ciwo?"

"Lafiya lau take, Gwaggo."

"To tuɓe. Ubanka na kallon ka."

Ya dubi gawar, ya ɗan yi murmushi.

"Idanun zinariya kuka sa masa. Da su yake kallon?"

"Da su ya ga ran da ka yi fitsari a bayana kana da wayonka. Tuɓe, na ce."

Bai tuɓe ba. Ya zo ya tsaya a kaina, har ina ganin igiyar takalmin.

"Ukumari."

"Ranka ya daɗe."

"Yau da tsakar rana za a fito da sarakuna fili. Zan sha giya da Baba a gaban jama'a. Zan tambaye shi ko Sonko ɗansa ne."

"Zai amsa, ranka ya daɗe."

"Zai ce ba ɗansa ba ne."

Kun san nauyin wannan magana, amma bari in faɗa. A wurinmu ƙani ba ya kashe wansa, ba ya sa a kashe, muddin uba na kiransa ɗa. In uba ya cire baki, shi ke nan, ya zama kamar kowane ɗan tawaye. A kashe shi, a kashe zuriyarsa, a yi ganga da fatarsa.

Gwaggo ta ce, "Uwarku ɗaya, Waman. In Sonko ba na Kallpa ba ne, me kake cewa a kan uwarka?"

"Ta mutu, Gwaggo."

"Tana ɗakin can a zaune. Ɗazu na taje mata kai. Kana so in buɗe labule ka maimaita?"

Nan fuskarsa ta ɗan motsa. Na gani, don ni ba abin da ke wuce mini. Amma ya daure.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni abin da ya faɗa nake faɗa. Ba ni da tawa."

"Ina sane." Ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya. "Busasshen nama, da ulu, da man da kuke shafa masa kullum. Ka taɓa tunanin yadda zai ci wuta?"

Gwaggo ta dafa kujerar maigidan.

"In ya ƙone," ya ce, "gidan nan ba mai shi. Gonakin sun dawo hannuna. Mutanen gidan kuma, tsofaffinku da jariranku, in tura ku gonakin ganye can ƙasa cikin zafi. Mutumin tudu nawa ka san ya yi damina biyu a can?"

Babu ko ɗaya.

"Kai kuma Bakin da ba shi da kai, me za a yi da harshensa?"

Ya miƙe, ya karkaɗe riga.

"Baba mutum ne mai hankali. Ka saurare shi da kyau."

Ya fita, takalmin na ƙara a kan dutse.

Gwaggo ta zauna a ƙasa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ka sa kunne, Ukumari."

Na sa. Na cika kunci da ganye, na ƙona wa maigidan masara da kitse, na kira shi da sunan yarintarsa wanda mu biyu kaɗai muka sani.

Shiru.

"Me ya ce?"

"Yana tunani, ranki ya daɗe."

"Kallpa bai taɓa yin tunani ba yana da rai, sai yau?"

Rana ta take tsaka muka ɗauko shi a kan gadon ɗauka. An jera sarakunan da suka shuɗe a fili, kowa bisa girmansa, kowa da wutarsa a gaba da mutanen gidansa a baya. Birni kaf ya fito. Amma ko tarin mutum ba ka ji.

Aka jawo Sonko.

Ni na koya wa Sonko jifa da majajjawa. A kafaɗata ya fara ganin dusar ƙanƙara a kan tsauni. Da ƙyar na gane shi. Sun fizge masa 'yan kunnen zinariya har fatar ta tsinke, tana reto a kan wuyansa, jini ya bushe a kai. Can gefe 'ya'yansa uku, an ɗaure su da igiya ɗaya kamar 'yan lama za a kai yanka.

Ya gan ni ya yi ƙoƙarin dariya.

"Baba Ukumari, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, ɗan nema."

Na faɗa da wasa, kamar yadda muka saba tun yana yaro. Ku riƙe wannan.

Aka kawo kofuna biyu iri ɗaya, cike da giyar masara. Waman ya sha nasa, ya zuba na uban a tulun da ke gaban wuta. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, ga mutum an kawo. Ya ɗaga mini makami, ya raba ƙasarka biyu. Ina tambayar ka a gaban Rana da gaban kakanni. Ɗanka ne?"

Na durƙusa, na kai kunnen hagu kusa da leɓen maigidan.

Ƙamshin man shafawa. Ƙuda ɗaya. Shi ke nan.

A zuci na ce, Kallpa, shekara nawa ina ɗaukar maka magana, har wadda ba ta da daɗin ɗauka. Yau ɗanka ne a ƙasa, gidanka ne a bakin wuta. Ka ce wani abu.

Shiru.

To, wani a nan zai yi fitsari a wando. Ni kuwa kaina ya fara aiki. Na ce, in na ce ba ɗansa ba ne, na kashe mutum huɗu da bakina. In na ce ɗansa ne na tsaya nan, gobe mu kwana cikin toka. Sai wata dabara ta faɗo mini, irin wadda masu ilimin fada ba za su hango ba ko za su shekara a zaune. Kayan matacce ba a taɓawa. To in Sonko ya zama kayan matacce fa? An bar shi da rai, kuma an fid da shi daga neman sarauta har abada, Waman ya samu abin da zai riƙe ya ce ya yi nasara.

Na miƙe. Na yi gyaran muryar nan ta Kallpa. Tsofaffin da suka san shi suka sunkuyar da kai.

"Sonko ɗana ne," na ce. "Ni na haife shi, ni na huda masa kunne. Ya yi laifi, na gani. Na cire shi daga sarauta, shi da bayansa. Amma nawa ne. Ku maido mini shi gidana, ya zama cikin kayana kamar gonakina da garkena, ya share mini ɗaki, ya ɗauki gadona a kafaɗa. Mai taɓa shi ya taɓa ni."

Filin ya ɗauki guna-guni kamar ruwa na sauka kan rufin ciyawa. Gwaggo ta saki numfashi a bayana. Sonko ya runtse ido.

Ni kuwa har na fara jin tsayina ya ƙaru.

Waman bai yi fushi ba. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan.

Ya sunkuya a hankali, ya kwance takalminsa, ya ajiye gefe. Ya karɓi ɗan ƙunshi daga hannun wani, ya ɗora a baya. Ya durƙusa a gaban ubansa har jan tuntun ya taɓa ƙasa.

"Baba ya yi magana," ya ce. "Sonko yayana ne. Hannuna ba zai taɓa shi ba."

Ya ɗago, ya juya wajen dattawan fada.

"Iyayena, ku tuna mini, ni yaro ne. Jinin Rana yana riƙe tsintsiya?"

Babbansu ya girgiza kai. "Bai taɓa ba."

"Yana ɗaukar gado a kafaɗa, kamar bawa?"

"Ƙasa za ta girgiza in aka yi."

"To Baba ya ce a maido masa ɗansa, ya ce nasa ne, kuma ba a mai da wa uba magana. Shara ba ta halatta gare shi ba, ɗauka ba ta halatta ba. Wace hanya ce ta rage da ɗan sarki zai bi ya koma hannun ubansa da ya tafi?"

Na ga idanu, ɗaya bayan ɗaya, suna komowa kaina.

Sai na tuna da baƙar igiyar.

Ni ɗan makiyayi ne. A wurinmu ɗa yana share wa ubansa ɗaki, ba abin kunya ba ne. Na daɗe a fada har na manta su ba haka suke ba.

Gwaggo ta yunƙuro. "Waman, ba haka ya ce ba."

"Gwaggo, ke ce Baki?"

"Ni na goya ka."

"Na gode. Zauna."

Ya yi nuni da hannu. Wani dakare ya fito daga bayan jama'a, riƙe da baƙar igiyar gashin lama. Tamu. Wadda na bari a rataye a bangon ɗaki da safe.

Tun kafin mu fito ya sa aka ɗauko ta. Ko me na faɗa, yana da hanyarsa.

"Ba jini," Waman ya ce. "Ba hannuna. Uba ne ya kira ɗansa. Saura tambaya ɗaya, Ukumari, don kada mu yi wa Baba rowa."

Ya nuna yaran da haɓa.

"Tambaye shi. Shi kaɗai yake so, ko har da jikokinsa?"

Ƙaramar cikinsu, mace, ba ta ma san me ake ciki ba. Tana tsotsar bakin igiyar da aka ɗaure ta da ita.

Kun ga ramin? In na ce shi kaɗai, na tabbatar da bakin Kallpa cewa mutuwar Sonko yake nema. In na ce ba wanda yake nema, na ƙaryata maganar da na faɗa ɗazu, Bakin ƙarya kuwa gawar da yake wa magana ma ba ta da daraja, wuta ce ta rage, yaran kuma ba mai kare su.

Sai Sonko ya yi magana. Muryarsa a dishe, amma ba rawa a ciki.

"Waman."

"Yaya."

"Tuntun ya yi maka yawa. Ka sa a rage, yana rufe maka ido."

"Zan duba."

Ya juyo wurina.

"Baba Ukumari, ka saurare shi da kyau. Kai ka fi kowa sanin halinsa. Tsohon nan bai taɓa son hayaniyar yara ba. Ka tuna yadda yake korar mu daga ɗaki?"

"Na tuna."

"To."

Ya tsura mini ido, bai ƙifta ba, sai da na gyaɗa kai.

Na koma na durƙusa, na kai kunne. Ban ma roƙe shi ba wannan karon. Na miƙe na yi gyaran murya.

"Shi kaɗai. Jikokina ku bar su a hannun Tika. Ba na son hayaniya."

"An ji," dattawa suka ce.

"An ji," Waman ya ce. Ya karɓi igiyar da kansa, ya miƙo mini a kan tafukan hannu biyu, da ladabi, kamar mai ba da kyauta.

Aka kawo wa Sonko giya a babban kofi. Ya shanye, aka ƙara, ya shanye. Na cika masa kunci da ganye da hannuna, yadda ake yi. Gwaggo ta je ta tsaya a gaban yaran, ta buɗe mayafinta ta kare su.

Na zagaya bayansa. Na ɗage tsinkakkiyar fatar kunnen don kada igiya ta kama ta. Wuyansa da ɗumi.

"Ashe da gaske kake, tsoho," ya ce ta cikin ganyen. "Na riga ka."

"Yi shiru, ɗan nema."

"An ce hannunka na da sauri."

"Babu kamarsa a ƙasar nan."

"To kada ka ba ni kunya."

Na naɗe igiyar a hannu biyu. Na kafa gwiwa a tsakiyar bayansa. Waman na tsaye a gabanmu, ƙafa ba takalmi, taku kaɗan tsakaninmu, yana kallo. Birni kaf na kallo.

Na ja numfashi.

A nan ne na ji shi.

Can bayan kunnen hagu. Gyaran muryar nan, wanda ba nawa ba.

Harshena ya yi nauyi a baki, kamar ya fara kumbura tun ban haɗiye komai ba.

"Ukumari," Kallpa ya ce, a fili, kamar yana tsaye a kafaɗata. "Wa ya ce maka wannan nake so?"

Waman ya ga fuskata ta canza. Ya matso.

"Mene ne? Baba ya ƙara magana?"

Ban amsa ba.

"Baki ba ya haɗiye magana, Ukumari. Faɗi mu ji."

Muryar ta sake zuwa, a hankali.

"Ɗayan nake so. Mai tuntun."